Farasitamol don zuciyar bakwaini: Abin da na gano kan "ƙofar" da ta ƙi rufewa

Da misalin ƙarfe ɗaya na dare saƙon murya ya shigo mini ta WhatsApp daga Sabha ta ƙasar Libiya, inda wana yake aikin gini. Ko sallama bai tsaya yi ba.

"Kai da ka yi boko, gobe ka je ka tambayo mini. Na aiko kuɗi an yi hoton zuciya, an ce akwai ƙofa a zuciyar yarinya, sannan a rubuto mata farasitamol? Ciwon kai aka ce musu tana yi?"

Kwana tara kafin nan matarsa ta haihu a Jiratawa, cikin nata bai wuce wata bakwai ba. Da aka ɗora jaririyar a sikeli, kilo 1 da giram 300 ta yi. A ranar aka naɗe ta cikin zannuwa uku, kakarta ta rungume ta a bayan babur, aka shigo da ita wani asibiti a cikin birnin Maraɗi aka sa ta a kwalba. Kwanakin farko ta yi ta samun sauƙi. Daga baya numfashinta ya koma sauri-sauri, iskar oksijin da ake ba ta kuma maimakon a rage sai ƙarawa ake yi. Likita ya sa abin sauraron ƙirji ya ji wata ƙara da ba ta bugun zuciya ba ce, ya ce a yi hoto.

Da safe na tafi asibitin, kuma in faɗi gaskiya, da shirin rigima na tafi, don ni ma na ɗauka an raina mana hankali ne. Likitan bai ce mini komai ba sai da ya juya bayan takardar maganin ya zana bututu biyu, ya haɗa su da wani ɗan gajeren layi a tsakiya. Ya ce wannan layin shi ne maganar, kuma ba a cikin zuciya yake ba, a bakinta yake.

Abin da na fahimta daga wannan zane, da abin da na bi na karanta daga baya, shi ne na ga ya dace in rubuta, musamman saboda 'yan uwanmu da ke ci-rani, waɗanda ake kira a waya a ce su turo kuɗi alhali ba a yi musu bayanin komai ba.

Kowa da ita aka haife shi

Jaririn da ke cikin ciki ba ya numfashi. Iskar da yake rayuwa da ita daga jinin uwa take zuwa ta mabiyiya, huhunsa kuwa cike yake da ruwa, yana jiran ranar aiki. Saboda haka babu amfanin jini mai yawa ya bi ta huhu. Sai Allah ya yi wata 'yar gajeriyar jijiya da ta haɗa babbar jijiyar da ke kai jini huhu da babbar jijiyar da ke raba jini ga sauran jiki. Jini ya fito daga zuciya, ya ratse ta wannan hanya, ya bar huhu a gefe, kamar yadda mai babbar mota ke bin hanyar bayan gari don kauce wa cunkoson kasuwa.

Da jariri ya faɗo ya yi kukan farko, huhu ya buɗe, iskar oksijin ta ƙaru a jini, sai naman da ke jikin wannan jijiya ya tsuke. Akwai kuma wani sinadari da ake kira prostagilandin, wanda shi ne ke riƙe ta a buɗe tun a ciki, kuma mabiyiya na cikin masu samar da shi. Da an yanke cibi sai ya ragu. A jaririn da watanninsa suka cika, hanyar kan rufe cikin kwana ɗaya zuwa uku, ba wanda ya sani, ba wanda ya ji. A irin waɗannan jarirai, kusan ɗaya cikin 2,000 ne take zama a buɗe.

Bakwaini kuwa labarinsa daban. Jijiyarsa ba ta nuna ba, ba ta jin kiran oksijin yadda ya kamata, ga shi kuma ƙaramin prostagilandin ya isa ya hana ta tsukewa. Alƙaluman da likitocin jarirai ke yawan kafa hujja da su sun nuna cewa a rana ta bakwai da haihuwa, hanyar na nan buɗe a kusan kashi 87 cikin 100 na waɗanda aka haifa a mako na 24, da kashi 65 na 'yan mako 25 zuwa 28, amma kashi 2 kacal na 'yan mako 30 zuwa 37. Wato gwargwadon saurin zuwan jariri, gwargwadon yiwuwar matsalar. Idan ka ga an rubuta PCA a takardar asibiti ta Faransanci, ko PDA a ta Ingilishi daga Katsina ko Kano, wannan ake nufi.

Illar tana zuwa ne saboda bayan haihuwa jinin yakan juya. Maimakon ya kauce wa huhu, sai jinin da ya kamata ya tafi hanji da ƙoda da ƙwaƙwalwa ya riƙa kwararowa baya zuwa huhu. Huhu ya jiƙe ya yi nauyi, zuciya ta yi ta aikin banza tana tura jini ɗaya sau biyu, hanji da ƙoda kuma su samu ƙasa da rabonsu. Jaririn ya riƙa haki, bugun zuciyarsa ya yi sauri, ya kasa ƙara nauyi, wani lokaci ma jini ya ɓalle a huhu. Amma ba kowace buɗaɗɗiyar hanya ce ke kawo haka ba. Wata ƙarama ce, ba ta hana komai.

A nan ya kamata a gyara kalmar "ƙofa a zuciya" da muke amfani da ita. Mun tara cututtuka da yawa cikin suna ɗaya. Akwai huda a bangon da ya raba ɗakunan zuciya, wanda farasitamol ba ya yi masa komai. Akwai kuma wannan jijiya, wadda kowa da ita aka haife shi.

Daga wuƙa zuwa maganin ciwon gaɓɓai

A ranar 26 ga Agustan 1938 wani matashin likitan tiyata mai suna Robert Gross ya buɗe ƙirjin wata yarinya 'yar shekara 7 a asibitin yara na Boston a Amurka, ya ɗaure jijiyar da zare. Ya jira sai da maigidansa, William Ladd, ya tafi hutu kafin ya yi, don ya san ba zai yarda ba. Yarinyar ta rayu har ta tsufa, kuma ana lissafa wannan aiki cikin mafarin tiyatar zuciyar yara. Kusan shekara 40 bayan haka, wuƙa ce kawai magani.

A 1976 ƙungiyoyin likitoci biyu a jihar Kalifoniya, ɗaya a San Francisco ɗaya a San Diego, suka wallafa sakamakon da ya sauya lamarin. Tunaninsu mai sauƙi ne: tunda prostagilandin ne ke riƙe hanyar, a ba jariri maganin da ke hana jiki ƙera shi. Irin wannan magani kuwa yana nan tuni, indometasin, wanda ake ba manya masu ciwon gaɓɓai. Aka gwada, hanyar ta rufe a jarirai da dama ba tare da an taɓa ƙirjinsu ba.

Sai dai indometasin yana matse jijiyoyin ƙoda da hanji, fitsari ya ragu, wani jaririn hanjinsa ya lalace. Wannan ya sa aka koma neman ɗan uwansa mai sauƙin hali. A shekarar 2000 wani gwaji da aka yi a Beljiyam kan bakwaini 148 ya nuna ibuprofen na rufe hanyar daidai da indometasin, amma bai kai shi takura wa ƙoda ba. Ibuprofen ɗin nan dai da kowa ya sani. Yana cikin jerin muhimman magungunan jarirai na Hukumar Lafiya ta Duniya, a matsayin allura, kuma bincike daga baya ya nuna na sha ma yana aiki sosai, abin da ya yi wa ƙasashe irin namu daɗi tunda allurar tana da tsada da wuyar samu.

Farasitamol shi ne auta. A 2011 wata likita mai suna Cathy Hammerman da abokan aikinta a birnin Ƙudus suka ba da rahoton jarirai biyar da ibuprofen ya gaza a kansu ko kuma bai dace da su ba, aka ba su farasitamol, hanyar ta rufe. Jarirai biyar ba hujja ba ce, amma gwaje-gwaje da dama sun biyo baya a Turkiyya, Sin, Indiya, Masar da Iran. Da aka tattara su, an ga farasitamol na yin kusan abin da ibuprofen ke yi, tare da ƙarancin zubar jini a ciki da ƙarancin matsalar ƙoda. Shi ma yana rage prostagilandin ne, ta wata kafa daban. Abin da masana ke ci gaba da bibiya shi ne lafiyar hanta da kuma girman ƙwaƙwalwar waɗannan yara nan gaba.

To, ashe likitan nan bai raina mu ba. Jaririyarmu fitsarinta ya yi ƙasa, ga ɗan shawara a jikinta, shi ya sa ya kauce wa ibuprofen. Da na turo wa Yaya wannan bayani, amsarsa ita ce, to me ya sa tun farko ba a faɗa wa matarsa haka ba? Wannan tambayar ba ni da amsarta. Ma'aikaciya ɗaya na gani tana zagaya jarirai fiye da goma a daren da na kwana a barandar, ban ga lokacin da za ta zauna zane a bayan takarda ba.

Lissafin da ba a yi da cokali

Ga inda nake jin tsoro game da rubuta wannan labari: kada wani ya karanta ya ce ashe maganin na nan a kantin bakin titi.

A duba lissafin. Ibuprofen ana ba da shi sau uku ne kawai: miligiram 10 kan kowane kilo a rana ta farko, sannan 5 da 5 a kwana biyu masu biyowa. Ga jaririya mai kilo 1.3, kashin farko miligiram 13 ke nan. Ruwan ibuprofen na yara da aka saba gani yana ɗauke da miligiram 100 a ƙaramin cokali ɗaya. Cokali guda ya ninka abin da take buƙata fiye da sau bakwai. Farasitamol kuwa miligiram 15 ne kan kowane kilo duk bayan awa shida, na kwana uku ko ɗan fiye. Nata bai kai miligiram 20 ba. Ƙwayar manya guda ɗaya 500 ce. Da sirinji ake auna shi, ana zura shi ta siririn bututun da aka sa mata ta hanci, ko a ba da shi ta jijiya.

Kuma kafin a fara, akwai abubuwan dubawa: yawan fitsari, ko ciki ya kumbura, ko akwai zubar jini, ƙwayoyin da ke daskarar da jini, shawara, ko wata cuta a jini. Bayan an fara ma ana ci gaba da dubawa.

Mafi girma duka shi ne hoton zuciya. Akwai jariran da aka haifa da wata nakasar zuciya ta daban, inda hanyar jini ta asali ta toshe ko ta juye, kuma wannan 'yar jijiya ita kaɗai ce ke riƙe da ransu. Irin waɗannan, likitoci prostagilandin ɗin ma suke ba su don kada ta rufe kafin a yi tiyata. Idan aka ba irin wannan jariri ibuprofen bisa zato, an rufe masa hanyar da yake rayuwa da ita. Kunne ba ya iya bambance su da tabbas. Ƙarar da likita ke ji a ƙirji tana iya kasancewa alhali hanyar ƙarama ce, tana kuma iya ɓacewa alhali hanyar babba ce. Don haka kuɗin hoton da Yaya yake ta ƙorafi a kai, a ganina su ne kuɗin da suka fi kowanne amfani cikin abin da ya turo.

Ban da haka, maganin ruwa na yara da ba a san asalinsa ba ya riga ya nuna mana halinsa a wannan yanki. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya da ciwon ƙoda, aka danganta abin da gurɓatattun magungunan tari na ruwa. Waɗannan yara ne da suka girma. A kwatanta da mai kilo ɗaya.

Sai kuma bincike ya ce a dakata

Wani abin mamaki shi ne, bayan shekara fiye da 40 ana ba da waɗannan magunguna, manyan likitocin duniya sun dawo suna tambayar ko ma ya kamata a riƙa ba da su. Babu musu maganin na rufe hanyar a kusan biyu cikin uku na jarirai. Tambayar ita ce, rufe ta da wuri yana hana mutuwa? Yana hana ciwon huhu mai daɗewa?

A 2017 wani nazari daga Jamhuriyar Cek da Ailan ya bi jarirai 280 masu nauyin kilo 1.5 ko ƙasa, waɗanda ba a yi gaggawar rufe musu hanyar ba. Kashi 85 cikin 100 ta rufe da kanta kafin a sallame su.

Sannan gwaji biyu manya suka fito a mujallar New England Journal of Medicine. Na farko, mai suna BeNeDuctus, an yi shi a Holan, Beljiyam da Denmak kan jarirai 273 'yan ƙasa da mako 28. Aka raba su biyu, rabi aka ba su ibuprofen da wuri, rabi aka zuba musu ido ana kula da su. Mutuwa, ko lalacewar hanji, ko ciwon huhu mai tsanani ya samu kashi 63.5 na waɗanda aka ba magani, da kashi 46.3 na waɗanda aka jira. Na biyu, Baby-OSCAR, an yi shi a Birtaniya kan jarirai 653 masu babbar hanya, aka wallafa a Janairun 2024. Mutuwa ko ciwon huhu ya samu kashi 69.2 na 'yan ibuprofen da kashi 63.5 na waɗanda aka ba ruwan da ba magani a ciki. Bambancin bai kai a ce maganin ya cutar ba, amma dai bai amfanar ba.

Wannan ba ya nufin an jefar da maganin. Abin da ya sauya shi ne gaggawa. Da ana gani ana rufewa. Yanzu asibitoci da yawa sun koma zaɓe: jaririn da hanyarsa babba ce, hoto ya nuna zuciya na kumbura, ya kasa rabuwa da oksijin, shi ake ba. Sauran a daidaita ruwan da ake ba su, a taimaka wa numfashi, a gyara ƙarancin jini, a ciyar da su nono, a ba su lokaci. Idan magani ya gaza kuma jariri na wahala, akwai ɗaurewa ta tiyata, akwai kuma wani ɗan marfi da ake zurawa ta jijiyar cinya, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019 ga jarirai daga giram 700. Wannan na biyun sai manyan cibiyoyin zuciya.

Sai dai a lura, jariran waɗancan gwaje-gwaje 'yan mako 23 zuwa 28 ne, kwance cikin injuna a Turai. Bakwainin da ke isowa Maraɗi da rai a bayan babur galibi ya fi su kwari, kuma a irinsa hanyar ta fi saurin rufewa da kanta. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, idan likita ya ce a jira, ba lallai sakaci ba ne ko rashin magani. Iyaye na da haƙƙin su tambaya: girman hanyar nawa, me take yi wa numfashi, yaushe za a sake hoto.

Inda yaƙin yake a Maraɗi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya a 2020, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma, kuma matsalolin haihuwa kafin lokaci su ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Jihar Maraɗi tana da duk abubuwan da ke jawo shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mace a jihar na haihuwar yara 8.4 a matsakaici, sama da 7.6 na ƙasa baki ɗaya a lokacin. Aure da wuri, haihuwa kusa-kusa, tagwaye, hawan jini na ciki, ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro da ke tsananta daga Agusta zuwa Oktoba a garuruwan bakin Gulbi, duka suna tunkuɗo ciki kafin lokacinsa.

Birnin yana da Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro, wadda aka fi sani da CSME, da babban asibitin jiha, da asibitin ƙwararru, ga kuma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke horar da likitoci. A Madarunfa ƙungiyar likitocin MSF ta daɗe tana tallafa wa sashen yara. Jiratawa a tsarin lafiya ƙarƙashin Madarunfa take, Tibiri kuma ƙarƙashin Gidan Rumji, amma dukansu ba su kai kilomita 20 daga Maraɗi ba, don haka mai jariri a hannu birni yake nufa. Tafiyar gajeriya ce ga babba. Ga mai kilo ɗaya da ɗoriya cikin iskar hunturu, ta isa ta sauke zafin jikinsa zuwa inda jini da numfashi za su rikice tun kafin a isa ƙofar asibiti.

Wannan ne ya sa, in ka bi abin da ke kashe bakwaini a wurare irin namu, jijiyar zuciya ba ita ce a gaba ba. Sanyi ne, da rashin ƙwarin huhu, da ƙwayoyin cuta, da kasa shan nono. Kuma abubuwan da aka tabbatar suna ceto ba masu tsada ba ne. Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe biyar har da Najeriya, aka wallafa a 2020, ya nuna allurar deksametazon ga uwar da naƙuda ta taso mata da wuri ta rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Wani gwajin na 2021, shi ma da Najeriya da Ghana a ciki, ya nuna ɗora jariri tsirara a ƙirjin uwa tun daga sa'o'in farko, abin da ake kira renon kangaru, ya rage mutuwa da kusan kashi 25 a jarirai masu kilo 1 zuwa 1.8. Likitocin Bogota ta Kolombiya ne suka ƙirƙiro dabarar a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Mu da muka ga yadda wuta ta zama bayan Najeriya ta katse layin lantarki a Agustan 2023, mun san darajar ɗumin da ba ya jiran NIGELEC.

Maganar kuɗi kuma, tun 2006 doka ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a asibitocin gwamnati, kuma daga 1 ga Satumban 2024 an rage kuɗin asibiti da rabi, haihuwa ta zama kyauta. Amma an daɗe ana kuka da jinkirin biyan asibitoci kuɗin wannan kyauta, kuma idan kantin asibiti ya ƙare, takarda ake miƙo maka ka nufi famasi. Ga abincin mai jego da na mai jinya na makonni, ga gona ko sana'ar da aka bari. A nan ne iyalai da dama ke karaya su nemi sallama kafin lokaci.

Akwai kuma matsin gida. Innarmu ta so a dawo da jaririyar Jiratawa kafin ranar suna, ta kuma zo da bauri a cikin 'yar kwalba a ɓoye cikin jaka. Hujjarta ita ce ta ga bakwaini da yawa sun rayu a ɗaka, kuma ai ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas ƙwari. Wannan magana ta daɗe a bakin mutane amma ba haka ba ne, kowane mako da jariri ya ƙara a ciki ƙarin ƙarfi ne gare shi. Hanjin bakwaini kuwa, musamman wanda jini ke gudu daga gare shi saboda buɗaɗɗiyar jijiya, ba abin da ya dace da shi sai nonon uwarsa. Da ƙyar na shawo kanta, sai da na ce, "Inna, ki bari ta kai kilo biyu, ni da kaina zan kawo miki ita." Aka yanka rago a Jiratawa, mai sunan tana kwalba.

Maganin da ke ceto bayan haihuwa, kafin haihuwa guba ne

Wani ɓangaren da ya shafi kowace mai ciki, ko da ba za ta haifi bakwaini ba: tunda ibuprofen da danginsa suna rufe wannan jijiya, to suna iya rufe ta tun jariri na ciki, lokacin da rayuwarsa ta dogara da ita. Idan haka ta faru, zuciyar ɗan tayi za ta yi ta tura jini zuwa huhun da bai buɗe ba, ta gaji, a haife shi da hawan jinin huhu. Shi ya sa ake hana masu ciki ibuprofen da diklofenak a watanni ukun ƙarshe. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta faɗaɗa gargaɗin zuwa daga mako na 20, saboda suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake kwance a ciki.

Yanzu a tuna da tiren mai tallar magani da ke yawo a unguwanni da tashoshi, da abin da yake miƙa wa mace mai tsohon ciki idan ta ce bayanta da ƙugunta na ciwo. Sau da yawa diklofenak ne, ko ƙwayar da aka haɗa ibuprofen da farasitamol, wadda ake kira maganin gajiya. Ba ya tambayar watan cikin. Wanda ke turo wa matarsa kuɗin magani daga Aljeriya ko Legas, ya ƙara da tambayar wane iri ta saya kuma wa ya rubuta mata, ya kuma tabbatar tana zuwa awon ciki ana ba ta maganin rigakafin zazzaɓi.

Jaririyarmu ta sha farasitamol na kwana uku. Da aka sake hoto, hanyar ta ragu amma ba ta rufe ba. Yaya ya so a sake wani zagayen, ko a kai ta Yamai, ko Kano. Likitan ya ce numfashinta ya daidaita, an fara rage oksijin, ba ya ganin dalilin ƙara mata magani. Aka fito da ita daga kwalba aka ɗaura ta a ƙirjin uwarta, ana tatsar nono ana ba ta da ɗan kofi. Ta yi kwana 34 a asibiti, aka sallame ta tana da kilo 1 da giram 850, da sharaɗin a dawo da ita awo duk mako, a kuma kawo ta nan take in ta fara haki, ko gumi lokacin shan nono, ko ta ƙi ƙara nauyi.

Yanzu tana Jiratawa, ta wuce kilo biyu da rabi. A awon ƙarshe likitan ya ce har yanzu yana jin 'yar ƙara kaɗan a ƙirjinta. An ba mu ranar sake hoto idan ta cika wata uku, kuma Yaya ya riga ya turo kuɗin.